Yoyon fitsari: an yi ɗinki, wa zai kula da robar?

Kowace 23 ga Mayu, ranar yaƙi da yoyon fitsari ta duniya, sai a rataya kyallaye a Garwa da Marwa da Ngawundare na arewacin Kamaru, manya su yi jawabi, likitocin tiyata su yi ɗinki na 'yan kwanaki, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Tun 2003 da UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da yoyon fitsari ake lissafa matan da aka yi wa aiki. Lissafin ma'aikatan jinyar da aka koya wa kula da su fa?

A nan gizo ke saƙa. Ɗinki aikin sa'o'i ne, amma robar fitsari, wato siririn bututun da ke fitar da fitsari daga mafitsara zuwa jaka, sai ta yi kwana 7 zuwa 10 a jikin mace, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan yoyon mai sauƙi ne. Idan robar ta lanƙwashe ko ta toshe cikin dare, mafitsara ta cika, ɗinkin na iya warwarewa. Wa ke dubawa a wannan lokaci? Ma'aikaciya ɗaya da aka bar wa ɗaki guda, ko uwar majinyaciyar da ke kwance kan tabarma, wadda ba a taɓa gaya mata cewa jakar fitsari ƙasa da mara ake rataye ta ba. Sai ta ɗora ta kan gado don tausayi, fitsarin ya koma inda ya fito.

Likita Kees Waaldijk, ƙwararre kan tiyatar yoyon fitsari, ya daɗe da nunawa a asibitin Babbar Ruga ta Katsina cewa ƙaramin yoyo, in sabo ne, yakan warke da roba kaɗai idan an sa ta da wuri. Wannan aikin ungozoma ce a asibitin ƙauye, in an koya mata.

Ɗakin maza kuwa, inda ake fama da irin wannan rashin kulawa, ba mai zancensa. Dattijo mai shanyewar ɓarin jiki ya kwana cikin jiƙaƙƙen zane har fata ta saɓule, gyambo ya buɗe, abin da zai ji kawai shi ne, “Baba, ka sake ɓata gadon?” Juya shi duk bayan awa 2 da tsane masa jiki ba ya buƙatar na'ura.

Masu cewa babu kuɗi su fara duba abin da tarurrukan otal a Yawunde, babban birnin Kamaru, ke ci. A kai horon bakin gadon majinyaci, a haɗa da masu aikin dare, a kuma yi wa dangi bayani da Fulatanci da Hausa, tunda su ne ke zubar da jakar.