Gadar tana da amfani, amma ba ta kai faɗin Nilu ba

Na karanta wani labari na tankar yaƙi da ke goyon gada a bayanta, ta shimfiɗa wa sojoji cikin 'yan mintoci, sannan ta haye ta sake ɗaukarta. Amma 'yan'uwa masu cewa ita ce maganin gadar Shambat ta kan kogin Nilu a Khartum, babban birnin Sudan, da ta karye a 2023, ku yi haƙuri, tsawon gadar da irin ta Amurka, M60, ke goyo mita 18 ne kacal. Ina ita ina Nilu?

Inda take da rana shi ne koramu. A nan Gadarif, gabashin Sudan, da damina na ga motar dawa ta kwana uku a bakin kwari, buhuna suna tsiro, direba na hawaye. Wallahi ranar da akwai irinta, da mun tsallake kafin la'asar.