Masu cewa nagarta da mugunta ra'ayi ne, rabin shafi suka karanta

Wani sabon salo ya shigo mana a Facebook. Da zarar ka ce abu kaza bai dace ba, sai wani ɗan boko ya taso maka da cewa ai nagarta da mugunta ra'ayi ne kawai, kowa da nasa, har ya jingina maganar ga masana falsafa na Turai irin su Thomas Hobbes ko Spinoza don ya rufe maka baki. Abin ya ishe ni.

Gaskiya ne Hobbes ya rubuta a littafinsa Leviathan na 1651 cewa abin da ran mutum ke so shi yake kira mai kyau, wanda ransa ke ƙi kuma ya kira shi mummuna. To amma a wane hali ya faɗi haka? Yana gudun hijira a birnin Paris, yaƙin basasa ya ɗaiɗaita Ingila, an fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. Cuta yake bayyanawa. A ganinsa, muddin kowa ne alƙalin kansa, ƙarshenta kowa sai ya zare wa kowa takobi. Shi ya sa ya wajabta neman zaman lafiya, da cika alkawari, da miƙa wuya ga mai mulkin da ba a ja da shi. Wanda ya ɗauko Hobbes don ya kare "ina da 'yancin yin abin da na ga dama" ya kira shaidan da zai sa a ɗaure shi ne.

Spinoza ma haka. A littafinsa na ɗabi'a, wanda aka buga a 1677 bayan mutuwarsa, ya ce son da muke yi wa abu ne ke sa mu ga kyansa. Sai dai a cikin littafin nan dai ya ce mai kyau shi ne abin da muka tabbatar yana da amfani gare mu, kuma babu abin da ya fi amfanar ɗan Adam kamar ɗan'uwansa mai bin hankali. Wannan ɓangaren ba sa ɗauko shi, don ba ya jawo tafi.

Za su ce ai masanin falsafa David Hume ma ya mayar da ɗabi'a ga ji a zuciya. Hume ɗin da ya ce sai ka ajiye son ranka gefe kafin ka yanke hukunci.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda suke zaton sabon abu suka gano. Ralph Cudworth, malamin falsafa a jami'ar Cambridge, ya ƙalubalanci Hobbes tun a ƙarni na 17, malaman tauhidi na Ash'arawa da Mu'utazilawa kuwa sun yi ƙarnoni kafin nan suna tafka muhawara kan ko hankali kaɗai na iya gane kyakkyawa da mummuna. Malaman falsafa a jami'o'inmu su riƙa tilasta wa ɗalibai karanta babi sukutum kafin su ci jarrabawa. Su kuma jaruman Facebook, a jira ranar da aka sace wa ɗayansu waya a ji ko zai ce ra'ayin ɓarawon ke nan.