Injin da na je nema a Tiboli

Tunda Yaya ya riga ya watsa hoton da ya ɗauke ni na faɗa ruwa a Tiboli, bari in faɗi yadda aka yi da bakina, in huta da tambaya.

Da sassafe mota ta kwashe mu daga Roma zuwa Tiboli, tafiyar kilomita 30 ko kusa da haka. Tun a mota jagorar ta raba mana 'yar rediyo mai igiyar ratayawa da abin saƙalawa a kunne, ta ce duk wanda ya ɓatar da tasa zai biya. Ku riƙe wannan maganar.

Muka fara da kufan fadar Hadiriyan, sarkin Rumawa daga shekarar 117 zuwa 138. Fili ne mai hekta wajen 120, inuwa kuwa sai an nema. Mun ga dogon tafkin nan na Kanopus da gumaka a bakinsa, da ɗan tsibirin da sarkin ya kewaye da ruwa don ya janye gada ya huta da mutane. Yaya ya ce shi ma irinsa yake so saboda surukai. A nan ban yi abin kunya ba.

Bayan azahar muka shiga Villa d'Este, gidan da Kadinal Ippolito d'Este, wani babban limamin cocin Katolika, ya sa aka yi bayan an ba shi mulkin garin a 1550. Daga sama ake shiga, lambun ya gangara ƙasa fiye da mita 45. Jagorar ta ce duk ruwan nan da ke tsiri sama babu inji ko ɗaya da ke tura shi. An haƙa rami mai tsawon mita 600 a ƙarƙashin gari, aka janyo kogin Aniene, sauran aikin nauyin ruwa ne da gangare: a saki ruwa daga tudu cikin rufaffen bututu, a matse bakinsa a ƙasa, dole ya yi sama.

To kun san ni da aikin famfo. Shekara nawa ina kwance inji ina ɗaurawa, yau a ce min ruwa na tashi ba wuta? Na ce wa Yaya, "Wallahi akwai inji, ɓoye shi suka yi." Ashe da abu a kunne mutum ba ya jin ƙarfin muryarsa. Kowa ya juyo. Jagorar ta yi murmushi ta ce in na gan shi in nuna mata.

Sai ga mu a doguwar hanyar da suke kira Cento Fontane, wato maɓuɓɓuga ɗari, alhali bakunan ruwan sun kusa 300, hawa uku, na ƙasa kawunan dabbobi suna tofar da ruwa cikin kwata. Can bayan wani kai na hango wani baƙin abu siriri cikin ganye. Zuciyata ta ce wayar wuta! Na ɗora ƙafar dama a kan gefen dutsen. Ga inda matsalar take: dutsen kullum a jiƙe yake, gansakuka ta lulluɓe shi, takalmina kuma na fata ne mai sumul ɗin ƙasa, na zuwa biki. Ƙafa ta tafi abinta ba sallama. Na kai hannu in kama wani abu, abin da na kama hancin dabbar ne, shi ma santsi. Sai tsulum, ƙafa ɗaya cikin kwata, gwiwa ɗaya a ƙasa, kaina daidai bakin dabbar, tana zuba min ruwa a ƙeya, yana bi ta wuyan riga har ƙugu. Sanyi kamar daga firji. Rediyo na lilo cikin ruwa, maganar ƙarshe da na ji a kunnena ita ce, "Don Allah kada kowa ya hau..." sai ƙiii, ta mutu.

Wayar da na gani saiwar ciyawa ce.

Yaya, ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya, yana tsaye taku biyu da ni. "Tsaya haka, ƙane, kar ka motsa, bai fito sosai ba." Amma ba shi ya fi ƙona min rai ba. Wata tsohuwa ce mai jar lema, ba ma 'yar ayarinmu ba. Ta tako a hankali, ta buɗe jaka, ta daɗe tana lalube, ta zaro tishu falle ɗaya tak ta miƙo min. Falle ɗaya! Mutum ya jiƙe sharkaf. Kuma ta tsaya sai ta ga na yi amfani da shi. Na goge goshi. Ta gyaɗa kai kamar ta ceci rai. Na sake haɗuwa da ita sau uku a kan matakala, kowane karo sai ta nuna min ƙasa da lemarta.

Ƙarfe biyu da rabi wata maɓuɓɓuga mai kiɗa ta fara busa, don duk bayan awa biyu take yi. Ruwa ke faɗowa cikin bututu yana jan iska zuwa wani rufaffen ɗaki, iskar ta hura sarewu, ruwan kuma ya juya wilin da ke buɗe su bi da bi. Daga bakin Yaya na ji wannan, tunda ba ni da rediyo, yana yi yana tambayata ko in leƙa ciki.

Matakalar komawa sama da takalmi mai kukan kwaɗo na haye ta. Na biya yuron rediyo. Direba ya shimfiɗa min leda a kujera. Tishun ma ina jin yana aljihun wandon.