Iyaye na biyan kuɗi, malamin Ƙur'ani kuma an ce ya jira lada

Yanzu a Kano ko Kaduna ko Zariya da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga allon wata makarantar Islamiyya mai zaman kanta ba, firamare da sakandare ga tahfiz a haɗe, duk a gida ɗaya. Iyaye kuwa sai tururuwa suke, kuma ba laifinsu, wa zai ƙi ɗansa ya fito da WAEC da NECO a hannu ga izu sittin a ka. Ni damuwata ɗaya ce da makarantun nan, yadda ake biyan malaman da ke riƙe da ɓangaren addinin.

A wurare da dama in ka shiga ofishin malamai za ka tarar malamin lissafi ko Fiziks albashinsa daban, na malamin hadda da Larabci daban, kuma na biyun ne a ƙasa. In ya yi magana sai a ce haba malam, ai aikin Allah ne, ladanka na can. To amma uban yaro da ya zo rajista ba a ce masa fisabilillahi ba, an lissafa masa kuɗin zango da na yunifom da na littattafai da na mota, in shekarar sauka ce ga kuɗin walima, kuma abin da ya sa ya baro wata makarantar ya zo nan ɗin shi ne Ƙur'anin, wato hajar da ta fi jawo kasuwa mai ita ne ya fi kowa shan wahala. Malamin haddar ne zai zauna da yara tun safe yana karɓar hadda ɗaya bayan ɗaya, yana gyara makhraji, ya dawo muraja'a da yamma, wani wurin har Asabar da Lahadi.

Kuma fa zancen wai karatun addini ba shi da takarda ya wuce. Hukumar NBAIS mai kula da karatun Larabci da addinin Musulunci, wadda asalinta tun zamanin Sardauna ne, tana shirya jarrabawar SAISSCE ta kammala sakandare, ana shiga jami'a da ita. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986 har yau ana yi, kuma duk makarantar da ɗalibinta ya ciyo wani abu sai kun ga hotonsa a Facebook ana talla da shi. Malamin da ya horar da yaron ko sunansa ba a sa wa.

Na san masu makarantu za su ce ba a san halin da suke ciki ba. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, haya, dizal, takarda, ga haraji iri-iri, ga iyayen da za su tara bashin zango biyu su ɗauke yaro su kai wata makarantar ko sallama babu. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ƙananan makarantu suna da mafita. Na yarda da wannan duka. Sai dai matsin nan bai bayyana dalilin da zai sa mutum biyu masu aiki a gini ɗaya a fifita ɗaya ba, kuma a makarantar da ake koya wa yara hadisin nan na a ba ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe.

Asarar kan yaro take komawa. Malami mai kyau da ya samu wani aikin ko ya tara kuɗin Keke Napep tafiya zai yi, a kawo sabo, shi ma zango biyu ya wuce, hadda kuwa ba ta son canjin hannu, sai ka ga an yi walima an raba kalanda amma ka ja wa yaro baƙi a tsakiyar Ma'ida ya tsaya yana kallonka.

Don haka iyaye, ranar taron PTA a rage faɗa a kan launin hijabi da kuɗin fati, wani ya miƙe ya tambayi mai makaranta nawa yake biyan malamin hadda, shekara nawa mafi daɗewarsu ya yi, kuma ana ba su albashin watan dogon hutu ko sai an dawo.