Monte Cassino: a daina raina masu adana littafi

Raina ya ɓaci da maganganun da na gani a ƙarƙashin hotunan laburaren Monte Cassino, wani tsohon gidan ruhubanawa a Italiya, da ake ta yaɗawa. Ku ma kun gani. Wani ya ce ina ruwanmu da gidan ruhubanawan Katolika, jama'a suka bi shi da dariya. Wallahi wannan ba kishin addini ba ne, raina ilimi ne. Duk wanda ya adana littafi ya cancanci girmamawa, kowace alƙibla yake kallo.

Wajen shekarar 529 wani ruhubani mai suna Benedict ya kafa gidan nan a kan wani tsauni tsakanin Roma da Napoli. A dokar da ya shimfiɗa wa mabiyansa akwai lokacin karatu kullum, kuma idan azuminsu ya zo sai a miƙa wa kowa littafi guda daga laburare, ya karance shi daga farko har ƙarshe. An rusa gidan ba sau ɗaya ba: Lambardawa, wata ƙabila da ta mamayi Italiya, a ƙarni na 6, mayaƙan Larabawa a 883, girgizar ƙasa a 1349. Kowane karo sai su dawo, su jeme fata, su fere alƙalami, su ci gaba da kwafi.

Ga abin da ya haɗa mu da su, tunda an tambaya. A ƙarni na 11, zamanin shugabansu Desiderius, wani mutumin Tunisiya da ake kira Constantine ɗan Afirka ya zauna a gidan yana fassara littattafan likitanci daga Larabci zuwa Latin. Ya fassara Zadul Musafir na Ibnul Jazzar, likitan Ƙairawan, da Kamilus Sina'a na Aliyu ibn Abbas al-Majusi. Daga nan suka shiga makarantar likitanci ta Salerno, Turai ta yi ƙarnuka tana karatu da su. Za a ce ai bai ambaci sunayen mawallafan ba. Gaskiya ne, kuma laifi ne babba. Amma ruhubanawan da suka kwafe aikin da hannu, shafi bayan shafi, sun ɗauki ilimin malamanmu da muhimmanci fiye da mai dariyar nan da bai taɓa jin sunan Ibnul Jazzar ba.

Masu kawo zancen yaƙin Salibiyya kuwa, ku ajiye shi gefe. Maganar littafi muke yi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne 1943. Yaƙin Duniya na Biyu na matsowa kusa da gidan, sai wasu hafsoshin Jamus suka shawo kan dattijon shugaban gidan, Gregorio Diamare, aka harhaɗa akwatunan katako, aka loda rubuce-rubucen hannu a manyan motoci zuwa Roma. Ranar 15 ga Fabrairu 1944 jiragen Amurka suka yi wa gidan ruwan bama-bamai bisa zaton sojojin Jamus na ciki. Ba sa ciki. Talakawa ne da suka fake, fiye da 200 suka mutu. Ginin ya zama kufai, littattafan suka tsira, domin wasu sun yi tunaninsu tun kafin wuta ta iso.

Bayan yaƙi aka sake gina shi a inda yake, yadda yake: farfajiya mai rijiya a tsakiya, dogon matakala zuwa majami'a, bango sanye da marmara kala-kala. Ƙofar tagullar da aka ƙero a Kustantiniyya a 1066 tana nan, da sunayen filayen gidan rubuce a jikinta. Fafaroma Paul na Shida ya sake keɓe majami'ar a 1964.

Kuma mu daina yi kamar wannan aikin baƙo ne a wurinmu. A 2012, da 'yan bindiga suka kama Timbuktu, Abdulƙadir Haidara da iyalan garin ne suka cusa littattafan kakanninsu a akwatunan ƙarfe, aka fitar da su a motoci da kwale-kwale ta Kogin Kwara zuwa Bamako. Daga baya kuma damshin Bamako ne ya zama abin tsoro, don takardar da ta saba da busasshiyar iskar sahara ba ta jure laima.