Masu gidajen haya, wai sai an yi gobara za ku canja wayarin?

Wallahi abin nan ya ishe ni. Duk shekara ejan ne a ƙofa da zancen ƙarin kuɗin haya, siminti ya hau, kaza ya hau, amma ba ka taɓa jin an ce yau za a duba wayarin ɗin gidan ba. Fenti kawai suka sani, a shafe bango a ce maka gida sabo.

Fitila ce fa kawai na siyo, irin LED ɗin nan da ake ɗaurewa a silin, don holdar falon, wato mazaunin ƙwan fitila, ta yi baƙi ƙirin. Na kira mai gyaran wutan layinmu, ya hau tebur ya kwance holdar, yana jawo waya sai robar jikinta ta hau marmashewa tana zubo masa a fuska kamar ƙanzo, tagulla tsirara a waje. Ya ce Yallabai wannan ai ba aikin fitila ba ne, aikin gida ne gaba ɗaya.

Ita sabuwar fitilar wayoyinta uku, ruwan ƙasa layif mai kawo wuta, shuɗi nutural mai mayar da ita, kore mai ratsin ɗorawa na at mai kai wuta ƙasa in ta zubo a jikin ƙarfe. A tsohon wayarin kuwa ja ne layif baƙi nutural, wannan kowane yaron shago ya sani. To ni a silin ɗina duka biyun baƙaƙe ne, ɗayar ma an yi mata joyin da wata siririyar waya an naɗe da leda, leda fa, ko salatif ba a samu an sa ba, ga kashin ɓera ko'ina. Ta at kam babu ita babu dalilinta, alhali jikin fitilar ƙarfe ne, to ina za a ɗaura ta ukun?

Abin da ya fi tayar min da hankali, ya kashe makunni ya sa testa ta gwada wuta, testa ta kama jawur. Ashe wanda ya yi aikin a kan nutural ya ɗora makunnin maimakon layif, wato ka kashe fitila amma wuta na nan zaune a holda, volt 230 cif. Shi ya sa da daddare ƙwan ke ɗan haske dishi-dishi ko an kashe. Kuma matata ce ke hawa kujera ta canja ƙwai in ya mutu, wani lokacin daga wanke-wanke ta taso hannu a jiƙe. Allah ne kawai ya tsare.

Muka je wajen fis, wanda ke yanke wuta in ta yi yawa, tsohon na tangaran ne, an cire siririyar wayar cikinsa an cusa tagulla mai kauri, ke nan komai zai faru ba zai yanke ba sai dai wayar cikin silin ta yi zafi ta kama. Sannan daga layin fitila na siririyar waya 1.5 aka jawo soket ɗin da muke guga, wanda mai kauri 2.5 ya kamata a sa.

Na kira Alhaji mai gidan cikin ladabi, ranka ya daɗe ga halin da ake ciki. Buɗar bakinsa wai tun kafin a haife ni mutane ke zaune a gidan ba wanda ya mutu, in na gyara don kaina, in ba zan iya ba akwai masu jira. Haba Alhaji! Sai an mutu? Gidanka ne fa zai ƙone, gobe kuma a ce wutar lantarki ce, ƙaddara ce, a wuce wajen.

Ni dai zan sayi waya da bireka mai yanke wuta da kanta a yi aikin, kuma na gaya wa ejan rasit zan haɗa masa da kuɗin haya ya cire, in ya ƙi mu haɗu gaban mai unguwa.