Minti Ashirin da Takalmi Ɗaya

Garinmu ba shi da wasu dogayen gine-gine na a zo a gani. Bene mafi tsawo hawa bakwai ne, sai hasumiyar agogon da ta daɗe da tsayawa a kan ƙarfe huɗu da kwata, sai tankin ruwa da wasu eriyoyi. Amma tunda na sayi kyamara nake jin cewa laifin masu ɗaukar hoto ne, ba na garin ba. Ni ne zan fito da kyansa.

Na yi karatu kam. Na san hoton gari ba a ɗaukarsa da rana tsaka, ba kuma cikin dare ba. Akwai wani ɗan tsakani bayan faɗuwar rana, lokacin da sama ke yin shuɗi shar, fitilun titi da na tagogi sun kama, hasken sama da na ƙasa sun yi daidai. Minti ashirin ne zuwa talatin, in ya wuce sai gobe. Na haddace sauran saitin kyamara: ISO 100 don kada hoto ya yi tsaki-tsaki, f/8 don komai ya fito tar, a bar idon kyamara a buɗe na daƙiƙa ashirin ko fiye. Sharaɗin ɗaya ne, kada kyamara ta motsa ko da ƙwayar zarra. Shi ya sa na saɓo sandar nan mai ƙafa uku.

Na haye rufin wani bene mai hawa biyar ina haki, na kafa sanda, na ɗauko kyamara zan ɗora. Sai a lokacin na tuna ɗan farantin da ke haɗa su yana kan tebur a gida. Abin da bai kai tafin hannun jariri ba! Sanda ta tsaya tana kallona, ina kallonta.

Rana ta riga ta faɗi, babu batun komawa. Na ɗora kyamara a kan katangar rufin, sai bakinta ya sunkuya yana kallon kwata. Na tokare da walat, bai isa ba. Na cire takalmin dama na cusa a ƙarƙashi, ya zauna ɗas. Na saita ta jira daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka, don ko taɓawar yatsa tana girgiza hoto, na latsa, na ja da baya a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe.

Daƙiƙa goma sha biyar ke nan, sai ga hasken tocila tsakiyar idon kyamara.

"Kai samari, me kake leƙe a nan?"

"Sannu Baba, hoton gari nake ɗauka."

Maigadin benen ya dubi gari, ya dube ni, ya dubi ƙafata. "Wannan garin? Me ya yi?"

Na nuna masa allon kyamara don ya yarda, ga hoto fari fat kamar takarda. Ya ce lallai ya ga aiki. Daga nan ya gyara hula, ya ce tunda na hau masa rufi ba sallama, sai in ɗauke shi. Na ce Baba sai ka tsaya cak na daƙiƙa ashirin. Ya ce shekararsa nawa yana tsayuwa. Bai kai biyar ba ya juya yana nuna min inda tsohon gidan silima yake, ya kori sauro, ya yi atishawa. Hoto ya fito da mutum mai kai uku, ana hango hasumiyar agogo ta cikin ƙirjinsa.

Ya daɗe yana kallo. "Wannan ba ni ba ne. Goge shi."

Kafin in gama ba shi haƙuri, shuɗin nan ya tafi, sama ta koma baƙi ƙirin. Cikin haushi na fizgo kyamara, na manta abin da ke tokare da ita. Mu biyu muka leƙa muna kallon takalmina yana juyi a iska, har ya sauka a bayan wata motar kaya da ke jiran danja. Danja ta ba da hannu.

Baba ya haska min matakala har ƙasa, yana tambaya ko gobe ma zan dawo, don ya sako sabuwar riga.